Faifai ɗaya, na'urori uku: wa ke raba gardama idan biyu suka yi rubutu tare?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da manhajar yanar gizo da a da take kan na'ura ɗaya a gajimare. Da jama'a suka ƙaru sai na mai da na'urorin uku, na sa mai raba lodi a gabansu. Yanzu idan mutum ya ɗora hoto ko takarda, fayil ɗin a kan na'urar da ta karɓe shi kaɗai yake zama, idan buƙata ta gaba ta faɗa kan wata sai a ce babu shi. Akwai kuma wani ɗan shiri da ke bin hotunan yana rage musu girma, da fayil ɗin log da nake so duka ukun su riƙa rubutawa. Na ga ana iya jona faifai ɗaya ga na'urori da yawa. In yi hakan, ko akwai abin da ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mu fara da abin da ya fi gaggawa: kada ka jona faifai ɗaya ga na'urorin nan uku alhali tsarin fayil na yau da kullum irin ext4 ko XFS ne a kansa. Zai yi kamar yana aiki, kuma nan muguntarsa take. A halin da ka bayyana, hotuna da takardu wurinsu ma'ajiya irin S3 ta Amazon, wadda ake miƙa wa fayil cikakke ta hanyar sadarwa. In kuma ba ka da damar taɓa kod ɗin manhajar a yanzu, NFS, wato hanyar raba folda ɗaya tsakanin na'urori ta sadarwa, wadda kamfanin gajimaren ke kula da ita, ita ce mafita ta kusa. Sai dai ina so ka ga dalili da idonka, domin kowane zaɓi ka ɗauka tambaya ɗaya ce a ƙarƙashinsa: idan na'urori biyu suka kai hannu wuri ɗaya a lokaci ɗaya, wa zai raba su?

Faifan da ake ba ka haya a gajimare, ko EBS na Amazon ne, ko Persistent Disk na Google, ko Managed Disk na Azure, bai san wani abu wai shi fayil ba. Abin da ya sani gurabe ne masu lamba a jere. A ce masa rubuta wannan a gurbi na kaza, ya rubuta. A ce karanto na kaza, ya karanto. Wanda ya san cewa waɗannan guraben hoton wane ne, waɗancan kuma babu kowa a ciki, shi ne tsarin fayil, wato su ext4 da XFS da NTFS, kuma shi a cikin na'urarka yake zaune. An gina shi bisa yarda cewa babu mai iko da faifan sai shi. Don haka da ya karanta taswirar guraben da ke sake, sai ya riƙe ta a memori ya ci gaba da aiki da ita, ba ya komawa ya duba ko wani ya taɓa. Rubutun ma ba nan take yake sauke shi ba, yakan tara na 'yan sakanni kafin ya zuba.

To ɗauka na'ura ta ɗaya da ta biyu duk sun ga gurbi na 5000 babu kowa. Ta ɗaya ta sa hoton wani a ciki, ta biyu ta sa takardar wani. Faifai ya karɓi duka biyun ba musu, na bayan ya danne na farkon. Kowace na'ura ta ce wa manhajarta aiki ya yi kyau. In ka gwada buɗe hoton a ta ɗaya za ka gan shi lafiya lau, domin daga memorinta ta ɗauko maka shi. Haka abin yake faruwa da jerin sunayen da ke cikin folda, haka yake faruwa da kundin da ext4 ke rubuta aikinsa a ciki don farfaɗowa bayan ɗaukewar wuta: kundi ɗaya, alƙalami biyu, ba wanda ya san da ɗan'uwansa. Ko dabarar da wasu ke yi ta cewa ɗaya ce za ta yi rubutu sauran su jona don karatu kawai ba ta fid da kai. Masu karatun za su riƙa ganin tsohuwar taswira, ga shi kuma ext4 yakan sake bin kundinsa ya yi gyara a faifai lokacin jonawa ko da an ce masa karatu kaɗai, sai in an hana shi da noload.

Na taɓa zuwa kwashe irin wannan ɓarna a wani wurin aiki. Sun yi kwanaki abin yana tafiya, har wanda ya haɗa shi ya fara koya wa abokan aikinsa. Ranar da aka sake kunna ɗaya daga cikin na'urorin sai ta ƙi jona faifan. Da muka saki fsck, shirin gyaran tsarin fayil, a kansa ya yi ta tambaya muna cewa i, da ya gama sai ga foldar lost+found cike da fayiloli marasa suna, alamar # da lambobi kawai. Na buɗe ɗaya, rabin sama hoton katin shaidar wani ne, daga tsakiya zuwa ƙasa toka-toka, da na leƙa cikin bayanan sai ga guntun wata takardar PDF a wurin. Abin da ya fi ciwo, kwafin faifan da suke ɗauka kowane dare duk ya kwashi ɓarnar, tunda ta fara tun ranar farko. Sai da aka koma kan kwafin da aka yi kafin jonawar, aka roƙi mutane su sake ɗora abin da suka ɗora a tsakani.

Kada ka ɗauka kamfanonin sun kawo abin banza. Yana da masu shi. Amazon na barin a jona faifan io1 ko io2 ga na'urori har 16, matuƙar duk suna shiyya ɗaya, wato rukuni ɗaya na cibiyoyin kamfanin, kuma a takardunsu sun faɗa ƙarara cewa sai da tsarin fayil da ya san zaman gungu, wato wanda aka gina don na'urori da yawa su yi tarayya a kansa. Azure na da faifan tarayya da ke aiki da gungun Windows Server, inda na'ura ɗaya ke kama faifan a hukumance sauran su jira. A Linux akwai GFS2 na Red Hat da OCFS2 na Oracle, waɗanda kafin na'ura ta taɓa wani wuri sai ta nemi izini daga sauran ta hanyar sadarwa. Wannan kuma yana jawo wata rigimar: idan ɗaya ta yi shiru, mutuwa ta yi ko hanya ce ta yanke tana can tana rubutu? Tunda ba a iya sani, sai a kashe ta da ƙarfin tsiya kafin sauran su ci gaba. Sunan da ake kiran dabarar ma, STONITH, ma'anarsa a harbi ɗaya na'urar a ka. Wanda bai taɓa kwana yana lallashin Pacemaker, shirin da ke kula da irin wannan gungu, ba, ban ba shi shawarar ya fara a kan hotunan masu amfani da manhajarsa ba. Kuma ka lura da sharaɗin shiyya ɗaya: ka yi na'urori uku don in wani wuri ya faɗi wani ya tsaya, sai ga shi faifan ya tara maka su a ɗaki ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce a ɗauke tsarin fayil ɗin daga hannun na'urorinka baki ɗaya, a damƙa wa saba guda, wato na'ura ɗaya mai yi wa sauran hidima. Na'urorinka ba sa ganin gurabe kuma, sai dai su aika saƙo: buɗe min fayil kaza, rubuta wannan a ciki. Mai raba gardama ya samu ke nan. Wannan ita ce NFS, wadda kamfanin Sun Microsystems ya fito da ita tun 1984, takwararta a ɓangaren Windows kuma SMB. A gajimare ba sai ka kafa sabar da kanka ba. Amazon na da EFS tun 2016, mai magana da NFS 4.0 da 4.1, da FSx ga masu Windows. Google na da Filestore. Azure Files na yin SMB da NFS 4.1. Ka buɗe ƙofar sadarwa ta 2049 tsakanin na'urorinka da sabar, ka ƙara layi ɗaya a fstab, fayil ɗin da ke faɗa wa Linux abin da zai jona lokacin tashi, foldar hotunan ta zama ɗaya a duka ukun, manhajarka ba ta ma san an canza komai ba. Wannan sauƙin gaskiya ne, kuma shi ya sa nake cewa ita ce mafitarka ta kusa.

Amma ka san iyakar alƙawarin da NFS ta ɗauka, don ƙarami ne. Ta ce: idan na'ura ta ɗaya ta rubuta fayil ta rufe, sannan ta biyu ta buɗe shi bayan haka, za ta ga sabon rubutun. Shi ke nan. Abin da ke faruwa yayin da fayil ke buɗe a wuri biyu, ba ta yi rantsuwa a kai ba. Bayan haka kowace na'ura takan riƙe bayanan fayil, su girma da lokacin da aka taɓa shi, na ɗan lokaci don kada ta dami sabar da tambaya. A Linux, in ba ka canza ba, tsakanin sakan 3 zuwa 60 ne ga fayil, 30 zuwa 60 ga folda. Har amsar "babu wannan fayil" ma ana riƙe ta. Ga yadda hakan zai zo maka: mutum ya ɗora hoto ta na'ura ta ɗaya, shafin ya sake buɗewa ta na'ura ta biyu wadda ta riga ta nemi wannan sunan ɗazu ba ta samu ba, sai ta ce babu shi. Bayan rabin minti ya bayyana da kansa. Kai kuma ka zo bincike ka tarar komai lafiya, ka ɗauka mai ƙorafin ne bai iya ba. Maganinsa lookupcache=positive a zaɓin jonawa, wanda ke hana riƙe amsar babu. Akwai noac da ke kashe riƙon gaba ɗaya, amma nauyin da yake ɗora wa kowane aiki ya sa ba na kai hannu gare shi sai dole.

Ɗabi'a biyu za su raba ka da yawancin ciwon kan NFS. Ta farko, kada ka rubuta fayil kai tsaye da sunansa na ƙarshe. Rubuta shi da sunan wucin gadi a cikin foldar, ka rufe, sannan ka canza masa suna. Canza suna a sabar aiki ne na bugu ɗaya, don haka mai karatu ko ya ga fayil cikakke ko bai ga komai ba, ba zai kama rabi ba. Ta biyu, kowane fayil ya samu sunan da ba za a sake ba wani ba, kamar UUID, doguwar lambar da ba ta maimaituwa, kuma kada a sake rubutu a kansa. In hoto ya canza, sabon suna. Fayil ɗin da ba a taɓa shi bayan an haife shi babu gardama a kansa.

Zancen log ɗinka kuwa, ka janye wannan niyya. A faifan na'ura ɗaya, idan shirye-shirye da yawa suna ƙara layi a ƙarshen fayil, Linux na tabbatar da kowa ya samu wurinsa. A NFS babu umarnin "ƙara a ƙarshe". Na'ura takan duba inda take zaton ƙarshen yake, ta ce a rubuta a nan. Biyu suka yi zato ɗaya, layin wani ya hau kan na wani. Littafin bayanin Linux kansa ya yi wannan gargaɗi a shafin open. Kowace na'ura ta rubuta nata fayil mai sunanta, ko mafi kyau, a tura layukan zuwa ma'ajiyar log ta kamfanin gajimaren ko wani abu irin Loki, ka riƙa bincikensu wuri ɗaya.

Za ka ce ai akwai kulle. Akwai, kuma tun daga NFS 4 ya shiga cikin yarjejeniyar kanta. Sai dai kullen na girmamawa ne, shirin da bai tambaya ba zai wuce ya yi rubutunsa. Kuma aro ne mai wa'adi: a sabar Linux sakan 90 ne in ba a canza ba, idan na'ura ta yi shiru ya wuce haka sai a ƙwace a ba wani, ita kuwa tana can tana zaton har yanzu nata ne. Shi ya sa masu SQLite suka daɗe suna gargaɗin kada a ɗora rumbun bayanansu a kan faifan sadarwa, kuma salonsa na WAL ba ya aiki ko kaɗan tsakanin na'urori daban-daban, don yana buƙatar memori ɗaya da kowa ke gani. In akwai fayil ɗin SQLite a ɓoye cikin foldar da kake shirin rabawa, fitar da shi tun yanzu ka koma PostgreSQL ko MySQL.

Ɗan shirin nan naka mai rage girman hoto ma ka duba yadda yake sanin sabon hoto ya iso. In da inotify yake dogara, wato hanyar da Linux ke sanar da shiri cewa an taɓa folda, zai kurumce. Linux na sanar da shi abin da ya faru ta hannun na'urar da yake kai ne kawai, hoton da ya shigo ta wata na'urar ba zai ji motsinsa ba.

Sai sauri, inda mutane suka fi shan mamaki. Babban fayil yana gudu a NFS ba laifi. Ƙananan fayiloli masu yawa su ne azaba, domin kowane buɗewa, kowace tambayar girma, kowane rufewa, tafiya ce zuwa sabar da dawowa. Yi lissafi da kanka: a ce kowace tafiya milisakan 2 ce, kowane fayil na cin tafiya uku, kana da fayiloli 100,000 da ake bi ɗaya bayan ɗaya. Sakan 600 ke nan, minti goma cur, a aikin da faifan cikin na'ura zai gama kafin ka gyara zama. Don haka kod ɗin manhaja, da foldar node_modules ko vendor, da ma'ajiyar git, kada ɗayansu ya hau NFS. Na ga shafukan PHP da suka koma tafiyar hawainiya saboda wannan kaɗai, masu su suna ta ƙara girman na'ura a banza. Kod ya tafi cikin samfurin da ake tada kowace na'ura ko kwantena da shi, a raba abin da jama'a ke ɗorawa kawai.

In EFS ka ɗauka, duba salon gudun da ka zaɓa. A tsohon salon da ake kira Bursting, gudun da kake da haƙƙi a kai yana bin yawan abin da ka ajiye ne, KiB 50 a sakan ga kowane GiB. Mai GiB 20 ke nan abin da ya mallaka bai wuce kusan MiB 1 a sakan ba. Saurin da yake gani a farko daga wani tanadi ake cire shi, ranar da tanadin ya ƙare sai komai ya koma jan ƙafa ba tare da an canza ko layi ɗaya a manhaja ba. Salon Elastic da suka kawo a 2022 ya kawar da wannan, amma ana cajin ka bisa abin da ka karanta da abin da ka rubuta. A Filestore kuma matsalar ta wani gefen ce, akwai ƙaramin girman da dole ka biya kuɗinsa, ko da abin da za ka ajiye bai kai nan ba. Gaba ɗaya dai NFS ta haya tana da tsada: kuɗin ajiye GB ɗaya a babban matakin EFS ya ninka na S3 fiye da sau goma.

Abu biyu ƙanana kafin mu bar nan. Ka jona da hard, ba soft ba. Da hard, idan sabar ta ɓace shirye-shiryenka za su daskare suna jira, har df, umarnin duba sararin faifai, ma ya maƙale, abin ba daɗin gani. Da soft kuwa za su haƙura su wuce, rubutu ya salwanta a hanya. Gara daskarewa da asara. Na biyu, NFS lambar mai fayil take gani, ba sunansa ba. A Debian da Ubuntu www-data lamba 33 ne, a dangin Red Hat apache lamba 48 ne. In na'urorinka ba iri ɗaya ba ne, ɗaya za ta rubuta fayil ɗaya ta kasa buɗewa.

Kafa sabar NFS da kanka a kan na'ura ta huɗu? Yana aiki, ya fi arha, kuma ranar da ta faɗi duka ukun sun faɗi tare da ita. In ka yarda da hakan da saninka, to.

Yanzu ga inda nake so ka dosa. S3, wadda Amazon ta buɗe a watan Maris na 2006, da takwarorinta Cloud Storage na Google da Blob Storage na Azure, sun warware gardamar ne ta hanyar rage abin da aka yarda ka yi. Ba ka buɗe fayil ka gyara tsakiyarsa. Kana miƙa ƙunshi cikakke da suna a cikin bokiti, wato mazubin da suke ba ka, ko ka karɓo shi. Mai karatu ko ya samu tsohon ƙunshin duka ko sabon duka. Tun Disamban 2020 kuma S3 na tabbatar da cewa da zarar rubutu ya kammala, duk wanda ya nema zai ga sabon, har a jerin sunaye. Tsofaffin rubuce-rubucen da za ka gani suna cewa sai an jira, zamaninsu ya wuce. Ba ruwanta da shiyya ɗaya, ba ruwanta da yawan na'urorinka, uku ne ko ɗari uku, kuma ba ka tanadin girma tun gaba.

Idan biyu suka rubuta suna ɗaya tare, na ƙarshe ne ke zama, na farko ya tafi shiru. Da sunayen da ba sa maimaituwa wannan ba zai same ka ba. In kuma dole a yi takara a kan suna ɗaya, akwai rubutu mai sharaɗi. A 2024 S3 ta fara karɓar If-None-Match, wato rubuta kawai in babu mai wannan suna, sannan If-Match, wato rubuta kawai in ƙunshin bai canza ba tun da na karanta shi. Wanda aka riga sai a dawo masa da lamba 412, ya sake karantawa ya sake gwadawa. Google na da irin wannan ta lambar zubi da kowane ƙunshi ke ɗauke da ita, Azure na da shi ta ETag, har da aron kulle na sakan 15 zuwa 60.

Ribar da ta fi burge ni a aikinka ita ce hotunan ba sai sun bi ta na'urorinka ba sam. Manhajarka ta sa hannu a wani adireshi mai ɗan gajeren wa'adi ta ba burauzar mutum, shi ya ɗora kai tsaye cikin bokiti. Bokitin ya aika sanarwa zuwa layin jira cewa sabon abu ya shigo, shirinka mai rage girma ya ɗauka daga layin. Matsalar inotify ta mutu, na'urorinka sun zama ba sa riƙe komai, kana iya kashe kowace ka ta da sabuwa ba fargaba. Abin da za ka biya shi ne gyaran kod a duk inda ake buɗe fayil, da sanin cewa kowace buƙata tana cin gomman milisakan kuma ana ƙirga ta a kuɗi. Babu folda ta gaskiya a ciki, alamar / wani harafi ne kawai a suna. Canza suna a bokiti na yau da kullum kwafi ne da gogewa, don haka dabarar sunan wucin gadi da na koya maka a sama ba ta nan ba ce, ba a ma buƙatarta.

Za ka ci karo da kayan aikin da ke sa bokiti ya bayyana kamar folda: s3fs, Mountpoint da Amazon ta fitar a 2023, Cloud Storage FUSE, BlobFuse. Riga ce aka sa wa bokiti, jikin bai canza ba. Don karanta manyan fayiloli da rubuta sababbi daga farko zuwa ƙarshe suna da amfani sosai. Mountpoint ma ya fito fili ya ƙi abin da ba zai iya ba, kamar gyara tsakiyar fayil da kulle, kuma na fi son wannan gaskiyar da wanda zai karɓa ya yi ta kwafe-kwafe a ɓoye. Manhajar da ta saba da faifai na gaske, in ka ɗora ta a kan irin wannan ba gwaji, wata rana za ta nemi abin da rigar ba ta da shi.

Ko NFS ka bi ko bokiti, sanin wane fayil na wane ne, da wanda aka gama sarrafawa, da wanda ke hannun wani yanzu, rumbun bayanai ya kamata ya riƙe. An gina shi don wannan gardamar tun asali. Kowane hoto ya samu layi a tebur da matsayinsa. Idan kana da masu rage girma fiye da ɗaya, PostgreSQL tun fitowar 9.5 a 2016 yana da FOR UPDATE SKIP LOCKED, wanda ke ba kowane ma'aikaci layin da ba kowa a kai, in ya mutu a tsakiyar aiki kullen ya saki da kansa. MySQL 8.0 ma yana da shi. Ka kiyaye jeri: wajen ajiyewa, fayil ya fara sauka sannan a rubuta layinsa, wajen gogewa a fara cire layin sannan fayil. In abu ya katse a tsakiya, abin da zai rage maraya ne da ba mai nemansa, wanda za a share daga baya, ba layin da ke nuna inda babu komai ba. Bayanan zaman mai amfani bayan ya shiga, in a fayil manhajarka ke ajiye su, su ma su koma Redis ko rumbun.

Akwai manyan kaya da ban tsaya a kansu ba don ba naka ba ne yanzu. Lustre na masu ɗaruruwan na'urori ne da ke tauna bayanai tare, irin aikin bincike da horar da ƙirƙirarriyar basira. Ceph yana ba da faifai da fayil da bokiti duka, amma riƙonsa aikin ma'aikaci ne na cikakken lokaci. In wata rana ka koma Kubernetes, wannan maganar ce dai za ta dawo da sababbin sunaye: ReadWriteMany a ƙarƙashinsa kusan kullum NFS ce ko danginta, ReadWriteOnce kuma na'ura ɗaya yake nufi, ba kwantena ɗaya ba. Abin da kuma karatu kawai ake yi masa, ba ya canzawa sai an fitar da sabon zubi, bai cancanci ma'ajiyar tarayya ba. Kowace na'ura ta sauko da kwafinta lokacin tashi.

Kada ka manta tarayya ba kwafin ajiya ba ce. A da in ka yi kuskuren gogewa da rm a na'ura ɗaya, sulusi ka rasa. Yanzu duka ne, cikin ƙiftawar ido. Kunna adana tsofaffin zubi a bokiti, ko ka tsara kwafin dare ga NFS, kuma ka gwada dawo da fayil ɗaya ka gani da idonka.

Da ni ne kai, a makon nan zan ɗora foldar hotunan kaɗai a kan NFS ta haya, da hard da lookupcache=positive, log kowa nasa, don jama'a su daina ganin hotunansu na ɓacewa. Kafin in sake ta ga mutane zan buɗe tagogi biyu a na'urori biyu, ɗaya na ƙirƙirar fayiloli ɗaya na nemansu nan take, in ga tazarar. Sannan in toshe ƙofa ta 2049 a na'ura ɗaya na minti biyu in ga yadda manhajar ke yi, da ko mai raba lodi zai gane ya daina tura mata mutane. Daga nan sai in fara mai da kod ɗin zuwa bokiti a nitse, sababbin hotuna su fara zuwa can, tsofaffin a kwashe su daga baya.

Wajen haɗe abin da ke kan na'urorin uku yanzu, yi hattara. Tunda kowace ta yi kwanaki tana karɓar nata, akwai yiwuwar suna ɗaya ya kasance a wuri biyu da abu daban a ciki, musamman in manhajar tana barin sunan da waya ta ba hoto, irin IMG_0001.jpg. In ka zuba su wuri ɗaya da shirin kwafi rsync, na baya zai danne na farko, in ka sa --ignore-existing kuma zai tsallake shi ba tare da ya ce maka uffan ba. Kwashe na kowace na'ura cikin foldarta daban, ka bi su da sha256sum, wanda ke fitar wa kowane fayil lamba bisa abin da ke cikinsa, ka ware waɗanda sunansu ya zo ɗaya amma lambar ta bambanta. Waɗannan sai ka duba rumbun bayananka, ka gwada lokacin da aka ɗora kowanne da lokacin da ke jikin fayil ɗin, ka mayar wa kowa nasa da sabon suna.